An Sa wa Baba Wuta

Ɗakin da aka ajiye Baba Tizhe a bayan gida ba don mutum aka gina shi ba. Shi da kansa ya tsara shi a matsayin sito, lokacin da suka dawo Mubi daga gudun 'yan Boko suka tarar da gidansu na Sabon Layi rabi toka, rabi kango. Ba silin, sai kwano tsirara. Taga ɗaya ce, ƙarama, kuma bangon yana kallon yamma, ga shi watan Maris ya kama.

Shekara talatin da huɗu ya yi yana aikin wayarin a garin nan. Da aka sake ginin, duk fayif ɗin da ke cikin bangon shi ya sassaƙa masa hanya ya binne shi, irin aikin da suke kira kondit, wanda waya ke bi ta cikin bango ba a ganinta. Ya gama binne fayif, an yi filasta, saura jan waya kawai, sai ciwo ya kayar da shi. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshe ya yi nauyi. Ɗansa Aaron ya kira wani ya ja waya a falo, da ɗakunan kwana, da kicin, har da bayi. Sito kaɗai aka tsallake. Sannan aka ɗauko tsohon da katifarsa aka kai shi can, wai kafin fenti ya bushe a ɗakinsa. Fentin nan ya shekara bai bushe ba.

Daga kan katifa yana kallon ramuka biyu a bango, ɗaya sama kusa da ƙofa inda makunni zai zauna, ɗaya ƙasa daidai kansa, wurin soket. Akwatunan ƙarfe ne da ya dasa da hannunsa, har yanzu da takardar buhun siminti da ya cusa don kada filasta ta toshe bakin fayif. Ya san aikin da ya rage ba zai kai awa biyu ba. Sanin nan ya fi ciwon cin ransa.

Da safe Aaron kan leƙo, da makullin babur a hannu, ƙafa ɗaya a waje.

"Baba, ka tashi lafiya?"

"Wuta," in ji tsohon. Kalmar da ta fi yi masa sauƙi ke nan. Sai ya ɗaga hannun hagu ya juya yatsa a iska, yana kwatanta fanka.

"Za a yi, Baba. Waya ya yi tsada yanzu, ka san yadda kasuwa yake tun da muka dawo. Ka bari wata ya kare."

Tun bara haka ake yi. Wata ya ƙare, sai aka ce mai aikin ya tafi Belel. Da ya dawo daga Belel, sai aka ce matarsa ta haihu. Aaron ɗin da ke wannan magana a makon nan ya sayo talabijin mai faɗin ƙofa, ya kuma sa aka ja masa layi na musamman.

Zafin Mubi ba ya jiran kowa ya shirya. Kafin ƙarfe sha ɗaya kwanon ya fara ƙara, da azahar ɗakin ya zama tanda. Ruwan da Mercy, matar Aaron, ke ajiye masa a kofin roba kan yi ɗumi kamar na wankan jego. Ƙuraje suka feso masa a wuya da baya, kuma ɓarin da ya mutu ba ya iya juya shi, sai ya kwana ya wuni a cikin zufarsa.

Wata rana da rana tsaka, don rashin abin yi, ya miƙa hannu ya zaro takardar simintin daga ramin soket. Sai ya ji wani abu a bayan hannunsa. Iska ce, siririya, mai ɗan sanyi. Ya tuna: fayif ɗin nan daga soket ɗin falo ya ɗauko shi, taku huɗu kacal ta cikin bango, kuma a falo fanka biyu ke juyawa. Ya ja jiki da ƙyar ya kai fuskarsa bakin ramin. Dattijo mai jikoki, kwance da hanci a ramin bango yana shaƙar ragowar iskar falon da ya gina. Ya ji kunya, amma bai janye ba.

Fayif ɗin ba iska kaɗai yake kawowa ba. Yana kawo magana.

"Baban ka ya sake kira na a kan fanka," muryar Mercy ce, tana taunar wani abu. "Ni na gaji."

"Ki bar shi. In an sa masa soket, da hannu daya zai je ya taba, ya kashe kansa, a ce mu ne."

"Kuma fanka ba shi da kyau wa mai stroke. Iska yana shiga jijiya."

"Ai shi ne. Su mutanen da sun saba da zafi. A Betso da ya girma akwai fanka ne?"

Suka yi dariya, aka ƙara sautin talabijin. Baba Tizhe ya rufe ido. Mutumin da ya yi shekara talatin da huɗu yana kama waya mai rai bai taɓa ƙona ko farce ba, yau shi ake tsoron ya taɓa soket. Abin da ya fi ba shi ƙyama shi ne yadda suke faɗa wa juna ƙaryar a natse, su biyu, ba mai sauraro, kowa na taya ɗan'uwansa yarda da ita.

A mako na uku na Maris aka aiko cewa dattawan coci za su zo gaishe shi. Ranar Asabar sai ga Aaron da leda da sukundireba. Tsohon ya kafe ledar da ido. Aaron ya fito da makunni fari sabo, da soket, da mariƙin ƙwan fitila da ƙwansa. Ya ɗaure makunni a ramin sama. Ya ɗaure soket a ramin ƙasa. Ya hau kujera ya maƙala ƙwan a jikin katako. Ko ƙyallin waya bai shigo da shi ɗakin ba.

"Waya?" in ji Baba.

"Wannan first step ne, Baba. A hankali ake yi."

Ya share hannunsa a wando ya fita. Soket ɗin ya rufe ramin ruf, iskar nan siririya ta yanke.

Washegari bayan sujada suka zo su uku, Dattijo Ezekiya a gaba, tsohon malamin makaranta mai farin gashi da tabarau. Tun suna ƙofar gida Baba ya ji talabijin ya mutu, ya kuma ji ƙarar babban makunnin gidan da aka sauke. Ya san ƙarar, shi ya zaɓi makunnin a kasuwa. An share ɗakin, an canza masa zani, har an fesa turare.

"Kai, ɗakin nan da zafi," in ji Ezekiya, yana fifita da littafin waƙa. Ya kai hannu ya danna makunni. Shiru.

"Sun dauke wuta tun safe, sir," in ji Aaron. "Haka muke fama. Fankan sa ma yana wurin gyara."

Baba Tizhe ya tattara duk ƙarfin da ya rage masa. Ya buga soket ɗin da bayan hannu, ya kalli Ezekiya ido cikin ido.

"Ba... waya."

"Me ya ce?"

"Ba waya!"

Ezekiya ya sunkuyo, sai fuskarsa ta washe. "Allah sarki! Waya yake so. Aaron, ka nema wa babanka 'yar ƙaramar waya mana, ya riƙa jin muryar 'yan'uwa. Kaɗaici ne."

"Zan saya masa, sir. Ko Nokia ne."

Aka yi dariya mai daɗi. Baba ya girgiza kai, ya sake buga bangon, yawu na zubo masa ta gefen baki, sai Mercy ta matso da tsumma ta goge masa a gaban baƙi, a hankali, kamar kullum haka take yi. Suka yi addu'a, suka gode wa Allah da ya ba bawansa Tizhe 'ya'ya masu riƙo. Ba su kai minti goma a ɗakin ba, zafi ya kore su. Suna fita daga layin, wuta ta dawo a falo.

Daga ranar ya rage cin abinci. Ƙurajen baya suka fashe suka zama gyambo, zani na manne musu. Mercy kan turo kwanon tuwo daga bakin ƙofa tana toshe hanci, ta ce warin ɗakin yana tayar mata da zuciya. Aaron ya daina shigowa, sai dai ya yi gaisuwar daga tsakar gida. In tsohon ya ce "wuta", sai a ce masa an ji. Wani lokaci da la'asar, in bangon yamma ya gama shan rana ya fara amayar da ita, yakan ji numfashinsa na fita guntu-guntu, ya rasa inda zai sa kansa.

Ranar Talata ta farkon Afrilu ya ji wata murya a tsakar gida da ya yi shekara bai ji ba. Lawali ne, abokin aikinsa, wanda suka yi shekara ashirin suna fasa bango tare. Ya shigo da nadin waya a kafaɗa da jakar kayan aiki, gemunsa ya yi fari. Da ya ga abin da ke kan katifa sai ya tsaya cak.

"Innalillahi. Oga Tizhe, kai ne haka? Wallahi ce mini aka yi kana Yola wajen magani."

Baba ya ɗago kai. Idonsa na kan wayar, hawaye na bin kuncinsa.

Lawali ya tsuguna ya kwance soket ɗin, ya ga ba komai a bayansa. Ya juya shi a hannu, ya ɗago ya kalli Aaron da ke tsaye a ƙofa. Ya zura tef ɗin jan waya a cikin fayif, ya tafi kamar kamu biyu ya cije. Ya zaro ya sake, ya sake cijewa.

"Akwai gwiwa a nan. In ya ƙi, sai dai a fasa bango."

Baba ya yi gurnani, ya daki katifa. Fasa bango! Ya nuna saman akwatin da yatsa. Lawali ya laluba, sai ga kan siririyar wayar ɗauri a lanƙwashe, an ɓoye ta a lungu. Haka Tizhe ke aiki tun asali, ba ya binne fayif sai ya bar wayar ja a ciki, don wanda zai zo bayansa.

"Sa... bulu," in ji Baba.

Lawali ya yi dariya har da ƙwalla. "Oga ke nan! Jiki ya kwanta, kai bai kwanta ba." Ya aika aka kawo sabulu, ya shafe wayar, ya ɗaura ta a wayar ja, ya zagaya falo ya ja. Ta bi gwiwar sumul. Baba yana kallon jar waya da baƙa da koriya suna shigewa cikin bangonsa, ya ji wani daɗi da ya manta da irinsa. A ransa har ya zaɓi inda za a tsayar da fankar.

Sai da Lawali ya zo fere bakin wayar sannan tsohon ya lura da kaurinta. Wannan ba wayar fanka ba ce. Lawali ma abin ya tsaya masa.

"Aaron, wannan mai kaurin fa? Fanka ai ba ta cin komai. Kuma ba ka ce a ja ta ƙwai ba."

"Soket kawai za ka yi, Malam Lawali. Sauran sai next time."

Amsar ta iso da la'asar a bayan Keke Napep. Firiza ce, doguwa, fara, ƙarti huɗu suka shigo da ita. Mercy za ta fara sayar da ƙanƙara da ruwan leda mai sanyi, lokacin zafi ne, kasuwa na ci. A falo za ta ɓata tsari, a kicin ba wuri. Aka ja katifar Baba da shi a kai zuwa ɗaya bangon, aka jingina firizar inda kansa yake a da, aka soka filogi. Ta yi tari ta kama gurnani.

Lawali da ya dawo ɗaukar jakarsa ya ja Aaron gefe, amma muryarsa ta fito.

"Kai yaro, ka ji tsoron Allah. Ka san abin nan zafi yake fitarwa ta gefe? Sanyin na ciki ne, na waje wuta ce. A ɗakin da ba silin, da mara lafiya?"

"Malam Lawali, aikin ka ya kare. Wannan family matter ne." Sai ya leƙo ciki yana murmushi. "Baba, ba wuta kake ta kira ba? To ga wuta ya zo. Har da freezer a dakin ka, ko ni ban samu haka ba."

Washegari Lawali ya kawo tsohuwar fankar tebur daga gidansa. Mercy ta karɓa a ƙofar gida ta yi godiya sosai, ta ce Baba na barci. Soket ɗaya ne a ɗakin, kuma an ce in aka haɗa masa wani abu lodi zai yi yawa. Fankar ta ƙare a kicin.

Kwana biyar Baba Tizhe ya yi da firizar. Gefenta mai raga, inda injin ke huci, shi ke kallon katifarsa, tsakaninsu bai fi taku uku ba. Yanzu ana shigowa ɗakin sau goma a wuni, fiye da duk shigowar da aka yi a shekara. Mercy ta ɗaga murfi, farin tururi ya taso, ta cika kula da ƙanƙara ta rufe da sauri kada sanyi ya fita. Sau ɗaya ya miƙa hannu ya ce, "Ruwa." Ta ce, "Mai sanyi ba shi da kyau wa jikin ka, Baba," ta nuna masa kofin robarsa da ƙafa. Saboda 'ya'yan maƙwabta kada su yi ɗauke-ɗauke, aka fara sa sakata ta waje.

Ranar Lahadi suka yi ado suka tafi coci tun ƙarfe takwas, akwai bikin godiya, za a daɗe. Aka ja ƙofa, aka sa sakata. An bar wuta ranar, ba ta ko ƙifta ba, injin na ta aiki.

Wajen sha biyu ya san ba zai kai la'asar a haka ba. Harshensa ya bushe ya manne, kofin ya daɗe da ƙarewa, kwano na zubo zafi daga sama, firiza na hura nata daga gefe. Ya yi kira, muryar ba ta wuce ƙofa ba. Sai ya dubi filogin. Ba wani abu yake nema ba illa hucin nan ya tsaya, ko na awa ɗaya.

Ya kafa gwiwar hannun hagu a siminti ya ja. Zanin ya ɓalle daga gyambon bayansa, ya ji kamar an ɗaye masa fata. Ya huta, ya sake ja, yana jan mataccen ɓarinsa kamar buhun masara. Taku uku ya ɗauke shi fiye da rabin awa. Ya cusa hannu ta bayan firizar, ƙarfen ya ƙona masa damtse, bai saki ba. Ya lalubo makunnin soket ya kashe tukuna, yadda ya koya wa kowane yaron aikinsa, sannan ya zare filogin. Gurnanin ya tsaya. Ya kwantar da kuncinsa a siminti, yana jin shirun.

Ƙarfe uku da rabi suka dawo. Mercy ce ta zare sakata, da kula a hannu, masu saye na jira a ƙofar gida. Ta ga ƙafafun tsohon a miƙe a ƙasa, ta ga firiza shiru, ta tsallake ƙafafun ta ɗaga murfi. Ihun farko da aka yi a gidan nan ranar, maƙwabta duk sun ji shi.

"Wayyo, kankara na! Aaron, zo ka ga abin da baban ka ya yi!"

Aaron ya shigo a guje da takalmin coci. Ya zare filogin daga yatsun mahaifinsa, ya mayar, ya kunna, ya tsaya har ya ji injin ya tashi. Bayan haka ne ya sunkuya ya ce, "Baba?"

Aka yi makoki na kwana uku, rumfa har bakin titi. Aaron ya yi kuka sosai, sai da aka rirriƙe shi. Ya gaya wa kowa cewa abin da yake gudu ke nan tun farko, shi ya sa ya daɗe bai yarda a sa soket a ɗakin ba, amma tsoho ya nace. Dattijo Ezekiya ya tashi ya shaida cewa da idonsa ya ga ɗakin marigayi da makunni da ƙwai da komai, ya ce samarin yanzu su yi koyi. Lawali yana can ƙarshen rumfa. Ya buɗe baki, ya dubi jama'a, ya ga ba wanda ya zo jin wannan, sai ya sa takalminsa ya tafi bai yi sallama ba.

Rana ta take sosai a kwanakin nan uku, aka yi ta raba ruwan leda daga ɗakin bayan gida. Masu zaman makoki suka sha, suka ƙara, suka ce rabonsu da ruwa mai sanyi haka tun kafin gudu.